Daga Allon Zayyana zuwa Allon Waya: Yadda Mai Zane ke Nuna Aikinsa a Ƙasar Maraɗi

Matashin da ya koyi zane da kwamfuta, idan aka kira shi ganawar ɗaukar aiki a wata maɗaba'a ko ƙungiya, yakan rasa wanda zai zaɓa: ya buga ayyukansa a takarda ya ɗaure su kundi, ko ya tafi da su cikin waya. Mutane da yawa na ganin wannan matsala ta zamani ce, alhali kuwa ta girmi injin ɗab'i a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni mai sana'a ke neman hanyar gamsar da wanda bai san shi ba cewa hannunsa ya faɗa.

Lokacin da Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi wajajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri wajajen 1836, fadojin biyu sun buƙaci dukawa da maƙera da magina da masu ɗinkin manyan riguna. A wancan zamani ba wanda ke yawo da samfurin aikinsa a jaka. Aikin da kansa ke fita ya yi shaida. Riga mai aska takwas da wani basarake ya saka ranar hawan salla ta isa ta sa a tambayi wanda ya ɗinka ta, haka nan adon bangon zaure ke tallar magini ga duk mai wucewa, kamar yadda ake gani har yau a unguwar Birni ta Damagaram. Shaida ta biyu ita ce sunan maigidan da ya koyar da yaro, ta uku kuwa bakin sarkin sana'a, wanda ya san gwani, ya kuma san ɗan koyo.

Abin da ya fi kusa da kundin yau a makarantar allo ya fito. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani akan yi masa allon zayyana mai launuka, a zaga da shi gidajen dangi. Allon na shaidar karatun yaro, yana kuma nuna gwanintar wanda ya zayyana shi, har wasu iyaye su neme shi idan saukar nasu ƴaƴan ta zo. A wajen ɗinki ma akwai mai zane, wanda ke fitar da fasalin ado a jikin ƙyalle da alƙalami da tawada kafin allura ta bi sawu. Wasu daga cikinsu sun adana fasalolin a takarda. David Heathcote, wanda ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin irin waɗannan zane-zane na Kano, kuma a 1976 ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a birnin Landan.

Mulkin Faransa ya zo da wata al'ada, wato takarda ta tsaya wa mutum a gaban wanda bai san asalinsa ba. Bayan ambaliyar 1945, wadda ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, an sake gina shi bisa tudu, kuma cinikin gyaɗa ya ɗaukaka alhazan birnin. Kantuna suka yawaita, aka buƙaci masu rubuta allunan shaguna, masu ɗaukar hoto suka buɗe ɗakunansu. Daga nan tela ya sami abin da kakansa bai samu ba: kundin hotunan ɗinki da yake miƙa wa mai kawo yadi ya zaɓa. Sai dai kundin na da iyaka. Wankin hoto kuɗi ne, ƙura da gara da laimar damina na cin takarda, kuma ba mai ganin ta sai wanda ya tako ƙafa har shago.

Kwamfuta ta sauya lissafin. Manhajar CorelDraw ta fito a 1989, Photoshop a 1990, shekarar da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano. Fastocin finafinai da bangon kaset da suka biyo hanyar Katsina suka shigo kasuwar Maraɗi sun nuna wa matasa cewa tsara hoto da rubutu sana'a ce mai ci. Wayar salula ta bazu a Nijar daga farkon shekarun 2000, WhatsApp ya zo a 2009, Instagram a 2010. Yanzu yaron Jiratawa, garin da lambunan ban-ruwa suka yi wa suna da zogale, na iya tsara tambarin ƙunshin garin zogale, ya aika da shi Yamai ko Kano kafin shayi ya huce. Waya ta gaji aikin maroƙi da dillali, masu kai sunan gwani inda ƙafarsa ba ta kai ba. Tana kuma ɗaukar hoto mai motsi da sauti, waɗanda takarda ba ta iyawa.

Amma ita ma tana da nata rauni. Na farko wuta: a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, Maraɗi na cikin biranen da suka sha duhu na tsawon watanni, kuma kundin da ke cikin wayar da cajinta ya ƙare daidai yake da babu. Na biyu launi: allon waya na haɗa launuka daga haske iri uku, injin ɗab'i kuwa daga tawada iri huɗu, don haka shuɗin da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe bisa takarda. Shi ya sa mai maɗaba'a ke son ya riƙe aikin a hannu, ya duba kaifin haruffa, har da ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, waɗanda wasu nau'o'in rubutu ke ɓatarwa. Na uku amana: kwafar aikin wani a intanet ba ta da wuya, saboda haka mai ɗaukar aiki yakan zaunar da mai nema gaban na'ura ya ce ya yi a gani, kamar yadda maigida ke miƙa wa sabon yaro allura da ƙyalle.

Tarihin nan na nuna cewa irin aikin da ake nema ne ke zaɓar abin da za a nuna. Mai neman shiga maɗaba'a ya tafi da zaɓaɓɓun ayyuka kaɗan a takarda mai kyau. Mai neman aikin talla a intanet ya gyara kundinsa na waya, ya adana shi yadda zai buɗe ko babu layi. Wanda ya riƙe duka biyun ya fi samun natsuwa. Malaman makaranta na da rawar takawa wajen saba wa ɗalibai adana zanensu da kwanan wata tun daga daftarin farko, domin daftari ne ke tabbatar da mai aiki. Ƙungiyoyin al'adu kuwa akwai kira a gare su: tsofaffin kundayen teloli da na masu hoto na Maraɗi da Tibiri na nan cikin akwatuna, gara na bin su, kuma ya kamata a tattara su a ɗauki hotonsu tun masu su na raye, suna iya faɗin wanda ya yi kowane aiki da shekarar da aka yi shi.