Daga Faifan Sefa Dubu Zuwa Lasisin Halak: Tarihin Windows a Garwa

Wata safiya ina shirin shiga situdiyo, sai na kunna kwamfutar da muke tace murya da ita, na tarar fuskarta ta yi baƙi ƙirin, ga rubutu a lungu yana cewa wannan Windows ɗin jabu ne. Na kira mai gyara, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai duk garin nan haka muke." Tun ranar nake tambayar kaina yadda aka yi muka saba da wannan hali.

Rigimar ta girmi yawancinmu. A 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa masu sha'awar kwamfuta suna kwafar manhajarsa ba tare da biya ba. Mu kuwa a arewacin Kamaru, kwamfuta ta fara shiga hannun talaka ne bayan shekarar 2000, lokacin da shagunan intanet suka yawaita a Garwa da Marwa da Ngaundere. Kayan gwanjo ne daga Turai, su sauka a Duwala, jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundere, mota ta ƙaraso da su. Windows XP, wadda ta fito a 2001, ita ce sarauniyar zamanin, kuma faifanta na kwafi bai fi kuɗin abincin rana ba. Ba wanda ya ce mana akwai wani abu wai shi lasisi.

Alhali doka tana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 ta saka manhajar kwamfuta cikin ayyukan da ake karewa, kuma hedikwatar OAPI, ƙungiyar kare fasaha da yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, tana Yawunde. Sai dai ba tsoron doka ya farkar da mutane ba, asara ce. Manhajar da aka fasa sau da yawa takan zo da ƙwayar cuta a cikinta, masu gyara kuma sukan kashe sabuntawa don kada a gano ta. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, kuma waɗanda ba a sabunta ba ta fi kamawa.

To, me ya hana mu saye? Kuɗi. Windows 11 ta gida dala 139 ce a shagon Microsoft, wato sama da sefa dubu 70, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani ya zama dubu 60 a 2023. Ɗalibin Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, ina zai samo wannan?

Abin mamaki shi ne da yawanmu mun riga mun biya ba mu sani ba. Kwamfutocin gwanjo na HP da Dell da Lenovo galibi suna zuwa da lasisinsu. A da ana manna shi a takarda a ƙarƙashin na'urar. Tun daga Windows 8 a 2012, ana dasa mabuɗin a cikin na'urar kanta. Idan aka sauko da Windows daga shafin Microsoft, wanda kyauta ne, aka saka irin wadda kwamfutar ta zo da ita, da kanta za ta buɗe. Sau nawa mai gyara ya goge halak ya ɗora jabu don bai duba ba?

Akwai kuma damar da ta wuce mu. A Yulin 2015 Microsoft ta ba masu Windows 7 da 8.1 na gaske damar hawa Windows 10 kyauta, ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba sai 2023. Ita ma Windows 10 an daina kula da ita ranar 14 ga Oktoba 2025. Mabuɗan da ake tallatawa a intanet da sefa dubu biyu ko uku kuwa, a yi hattara: da yawa na kamfanoni ne ko makarantu da aka karkatar, ana iya toshe su kowane lokaci.

Hanya ta ƙarshe ba ta buƙatar ko dala. Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, sannan a 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya kawo Ubuntu. Halak ce, kyauta ce, akwai kuma ire-irenta marasa nauyi da tsohuwar kwamfuta ke ɗauka. Tamu ta situdiyo yanzu da ita take aiki, da Audacity muke tace murya.

Saboda haka mai karatu, kafin ka miƙa kuɗi a babbar kasuwar Garwa, ka sa a kunna kwamfutar a gabanka, ka duba ko lasisin ya zauna, ka karɓi rasit. Tambayar minti biyu ce, amma tana iya tsare maka aikin shekaru.