Yadda Talakawa Suka Haɗa Kai A Zamanin NEPU

Yau na ajiye labarin soyayya a gefe, domin akwai tarihin da ya daɗe yana ci min rai, wanda na fara ji daga bakin kakana, Allah Ya jiƙansa. Tela ne shi a cikin birnin Kano, kuma ɗan NEPU ne har ya koma ga Mahaliccinsa.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Mutum takwas ne suka kafa ta, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta. A 1953 Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. A wancan lokaci En'e ce ke riƙe da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari, talaka kuwa haraji da jangali da aikin tilas ne rabonsa.

To, ta yaya mutanen da ba su da kuɗi ba su da sarauta suka girgiza ƙasa? Kakana ya ce a rumfar tela da majalisar unguwa da bakin kasuwa aka yi aikin. Kowace unguwa da reshenta, kowa ya sayi kati da kuɗin guminsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran jarida, in an kama ɗan uwa a yi karo-karo a ciyar da iyalinsa. Fatake da direbobi su kai saƙo gari gari. Mata ma suna da nasu reshen, inda Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda neman a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976.

A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi nasara a matakan farko a Kano, amma zaɓen hawa hawa ne, kuma En'e na da damar cusa nata mutanen, sai aka wayi gari ba su da ko kujera ɗaya a majalisar Kaduna. Duk da haka rassan ba su watse ba. A 1959 Malam ya ci kujerar majalisar tarayya. A 1979 PRP, magajiyar NEPU, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. Kusan shekara talatin ke nan ana haƙuri kafin a ga wannan rana.

Abin da ke damuna shi ne, yau a unguwarmu sai zaɓe ya ƙarato muke taruwa, shi ma don rabon taliya da atamfa. Su kakana su suke ba jam'iyya kuɗi, shi ya sa suke iya tsayar da shugaba su tuhume shi. Mu da muke karɓa, da wane baki za mu tambayi kansila ina kuɗin magudanar ruwa?

Ƙungiyar unguwa da ke zama duk wata, tana da rajista da ma'aji, ita ɗan siyasa ke shakka. Mu fara daga layinmu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.