Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano: Gini, Zayyana da Ajiyar Tarihi

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya ƙare a Maraɗi. Wannan ne ya sa ya kamata a waiwayi tashar Kano, domin kuwa ita ce tashar da talakan Gangara da Gazawa da Tasawa ya daɗe yana yi wa aiki, ko da bai taɓa sa ta a ido ba.

Turawan Ingila sun fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano a shekarar 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jigila a 1912. Daga baya aka miƙa reshe daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929, da wani daga Kano zuwa Nguru a 1930. Ba a kafa tashar a cikin birni ba. An ajiye ta a wajen ganuwa, ta gabas, inda Nasarawa da Sabon Gari da kantunan kamfanoni suka bunƙasa.

Wurin da aka zaɓa ya nuna irin ginin da aka yi. A lokacin, magina Hausawa suna da tsohuwar sana'a mai ƙa'idoji: tubali da azara, bakan gizo da ɗaurin guga, zanko a kan soro, makuba da zayyana a fuskar zaure. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne. Turawa ma ba su jahilci wannan ba, tun da yake Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, a gidan ƙasa ya zauna a Nasarawa. Amma hukumar reluwe ta bi tsarin ofisoshin mulkin mallaka, na siminti da ƙarfe da rufin kwano da baranda, domin abin da ta sa a gaba shi ne awon kaya da lodi.

Sai dai abin kallon da ginin ya rasa, jama'a sun samar da shi a kewayensa. Turawa auduga suka yi fata, manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa tun daga kakar 1912. Da amfanin ya fi ƙarfin taragai, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai leburori suka riƙa jera buhuna hawa-hawa har su yi tsini, ana jiran jirgi. Wannan ita ce dalar gyaɗa, sunan da yake tuna wa mai ji da Dutsen Dala, kuma ba a raba labarinta da Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Gyaɗar ƙasar Maraɗi ta wannan hanya take fita zuwa Ikko, kafin Faransawa su ɓullo da shirin Hirondelle a 1953 don karkata kaya zuwa Paraku da Kwatano. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin man fetur suka kawo ƙarshen dala, sai siffarta da ta rage a hotuna da bayan takardar naira 200.

Haka kuma masu zayyana a Kano da Zariya sun shigar da abubuwan zamani, irin su keke da mota da jirgin sama, cikin adon bango, a gefen dagi da takobi. Ashe ke nan sana'ar Hausa ta karɓi baƙon ƙarfe, shi ne bai karɓe ta ba.

Harshe ya fi gini riƙon amana a wannan fage. Kalmar jirgi ta kwale-kwale ce tun asali, sai aka ce jirgin ƙasa. Hanyar kuma aka kira ta dogo. Tasha da tikiti da fasinja da lebura da kanti duk daga Ingilishi aka aro su. Abin lura shi ne, Bahaushen Maraɗi da yake cewa lakwal, wadda ya aro daga Faransanci, tasha yake kiran wurin hawa mota. Kalmar ta ƙetare iyakar da dogo bai ƙetare ba, ta bi sawun fatake da ƴan ci-rani.

Game da nuni kuwa, wasu wurare sun riga sun nuna hanya. A Faris, tashar Orsay da aka gina a 1900 ta zama gidan kayan fasaha a 1986. A Ebute Metta, an mai da Gidan Jaekel na 1898 ƙaramin gidan tarihin reluwe a 2010. Gidan tarihi na Jos yana ajiye da kawunan jiragen ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957. A Kano kuwa, mai neman tarihin birni Gidan Makama yake nufa, nesa da inda aka yi lodin gyaɗar.

Darasin Yamai ma yana kusa: an buɗe tasha a 2014, aka kai dogo Dosso a 2016, jigila ba ta kankama ba, ginin kuma bai sami wani aikin da zai jawo jama'a ba. Don haka ya dace tashar Maraɗi ta samu hannun maginan ƙasar a fuskarta, da ɗaki guda na sikeli da buhu da tsofaffin hotuna da muryoyin dattawa. Manoman da suka kai gyaɗa kasuwa kafin farin 1973 sun manyanta, kuma ɗaukar maganarsu aiki ne da ba ya jiran isowar jirgi.