Littafin da Saɓanin Masu Karatu Ya Ceta

A cikin tarihin ƙagaggun labarai na Turanci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da wuya a sami littafin da ya raba kan masu karatu kamar Naked Lunch na William Burroughs, mutumin Amurka, wanda aka haifa a 1914, ya rasu a 1997. Burroughs na cikin rukunin marubutan nan da ake kira Beat, watau waɗanda suka yi wa al'adun Amurka na lokacinsu tawaye. Ya rubuta yawancin littafin a Tanja ta ƙasar Maroko, bayan ya yi shekaru yana fama da jarabar miyagun ƙwayoyi. A 1957 abokansa Jack Kerouac da Allen Ginsberg suka je can suka taya shi tattara takardun da buga su a tafireta, sa'an nan kamfanin Olympia ya fito da shi a Faris a 1959.

Abubuwa biyu ne suka tayar da ƙura. Na farko jigo: shan ƙwaya, da batsa, da kisa, an zayyana su ƙiri-ƙiri ba sakayawa. Na biyu zubi da tsari. Littafin ba shi da zaren labari mai tafiya daga farko zuwa ƙarshe. Guntaye ne na mafarki da zambo, har marubucin ya nuna ana iya farawa daga ko'ina. Saboda haka masu ƙinsa iri biyu ne: waɗanda suka ga ƙazanta, da waɗanda suka ga shirme.

Rigimar ta riga littafin fitowa. A 1958 mujallar ɗalibai ta Jami'ar Shikago ta buga wasu sassansa, hukumar jami'ar ta hana a ci gaba. Editocin suka yi murabus, suka kafa tasu mujallar mai suna Big Table. Gidan waya ya kama fitowarta ta farko, sai a 1960 alƙali Julius Hoffman ya yanke cewa ba batsa ba ce.

A 1962, shekarar da kamfanin Grove ya fitar da littafin a Amurka, aka yi taron marubuta a Edinbara ta Sikotlan. A can ne Mary McCarthy da Norman Mailer suka yaba wa Burroughs, wasu mahalarta kuwa suka yi tir da shi. Daga baya McCarthy ta kwatanta zambonsa da na Jonathan Swift. A Ingila kuwa, cikin Nuwamba 1963, jaridar adabi ta Times a Landan ta buga sharhin da takensa kansa kalmar ƙyama ce. Aka yi makonni ana musayar wasiƙu. Mawaƙiya Edith Sitwell da mai ɗab'i Victor Gollancz suka tsaya a ɓangaren suka, Anthony Burgess da Michael Moorcock suka tsaya a na kariya. Lalle ba jahilai ne suka yi karo da masana ba. Masana ne suka yi karo da juna.

Daga nan magana ta koma gaban shari'a. A Janairu 1965 aka gurfanar da littafin kansa a wata kotu a Boston. Mailer da Ginsberg suka ba da shaida cewa aikin adabi ne, amma alƙali ya yanke cewa batsa ne. To, a Maris 1966, cikin shari'ar wani tsohon littafi mai suna Fanny Hill, Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙarfafa ƙa'idar cewa ba a haramta littafi sai in ba shi da amfani ko na anini ga al'umma. Ran 7 ga Yuli 1966 babbar kotun Jihar Masacuset ta soke hukuncin Boston, ko da yake alƙalai biyu ba su yarda ba.

Abin lura a nan shi ne hujjar masu rinjaye. Ba su ce littafin yana da kyau ba, sun ma yarda yana da muni ƙwarai. Abin da suka ce shi ne, tun da akwai manazarta masu mutunci da suka ga daraja a cikinsa, kotu ba ta da ikon cewa ba shi da ita sam. Ashe saɓanin nan ne ya cece shi. Da masu karatu sun yi ittifaƙi a kan ƙinsa, da an binne shi.

Sai dai kotu ta amsa tambaya ɗaya ce tak: ko za a sayar da littafin. Ba ta amsa ko ya cancanci a karanta shi ba, kuma ba huruminta ba ne. An shigar da Burroughs babbar majalisar adabi da fasaha ta Amurka a 1983, David Cronenberg ya yi fim daga littafin a 1991, amma har yau wani mai karatu na ajiye shi bayan shafi ashirin, wani na koyar da shi a jami'a. Ɗalibin adabi da ma'aikacin hukuma da wata rana za a ɗora wa nauyin tace littattafai, duka suna bukatar su rarrabe tsakanin littafin da ba su so da littafin da ya kamata a hana kowa gani.