Faifai Mai Tashi: Daga Roswell Zuwa Zagami

A majalisun samarin Sabo da ke Ibadan, bayan sallar Isha'i, cikin abubuwan da ake tura wa juna a WhatsApp har da bidiyon halittun wata duniya. Mai fassarar yakan rantse da Hausa cewa sun taɓa sauka a Amurka, gwamnati ce ta binne maganar. Labarin nan tsoho ne, kuma wanda ya bi salsalarsa zai ga inda aka riƙa sa masa gishiri.

Ranar 24 ga Yuni, 1947, wani ɗan kasuwa mai tuƙa ƙaramin jirginsa, Kenneth Arnold, ya ce ya hango abubuwa 9 suna sheƙa gudu kusa da dutsen Rainier a jihar Washington. Ya kwatanta tafiyarsu da tsallen faranti in an wurga shi a kan ruwa. Jaridu suka kama farantin, cikin 'yan makonni ɗaruruwan mutane suka ce su ma sun ga faifai.

Ana cikin wannan zazzaɓi, ranar 8 ga Yuli, sansanin sojan sama na Roswell a New Mexico ya sanar cewa an tsinci faifan a wani wurin kiwo. Ba a kwana ba Janar Roger Ramey ya ce balan-balan ɗin auna yanayi ce. Me makiyayin, Mac Brazel, ya tattara? Roba, takardar gwangwani mai ƙyalli, 'yan sanduna da salatif. Babu gawa, babu inji. Zancen ya yi barci shekara 30, sai a 1978 wani mai bincike, Stanton Friedman, ya tashe shi da hirar da ya yi da tsohon hafsan leƙen asirin sansanin, Jesse Marcel. A 1980 aka buga littafi a kai, daga nan gawarwaki suka fara fitowa, shaidu kuma na ƙaruwa maimakon su ragu, galibi masu cewa wane ya gaya mini. Duk ɗalibin hadisi ya san hukuncin irin wannan isnadi.

Gaskiya ne sojoji sun yi ƙarya, amma ba wadda ake zarginsu da ita ba. A 1994 rundunar sojan saman ta ce tarkacen na shirin asiri ne mai suna Mogul, balan-balan ɗin da ake ɗaura wa na'ura don sauraren gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet.

Su gawarwakin ma suna da tushe. A 1950 Frank Scully ya rubuta cewa faifai ya sauka a Aztec da ƙananan gawarwaki 16. Waɗanda suka ba shi labarin, Silas Newton da Leo GeBauer, na'urar gano man fetur ta bogi suke sayarwa, suna cewa fasahar baƙin sama ce a cikinta. A 1953 kotu ta same su da laifin damfara.

Ba duka ne 'yan damfara ba, a yi adalci. Shirin Blue Book na sojan sama, wanda aka rufe a 1969, ya tara rahoto 12,618, kuma 701 ba a gano bakin zarensu ba. Ciki har da na ɗan sanda Lonnie Zamora a Socorro a 1964, mutumin da ba a san shi da ƙarya ba, an kuma ga ƙonannun ciyayi da sawu a ƙasa. To amma ƙonanniyar ciyawa ba ta faɗin wanda ya ƙone ta.

Mutanen Sabo ba baƙin wannan ka'ida ba ne. Lokacin da wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya tarar ana ba mahautan Yarbawa shanun arewa bashi, maigida na tsaya wa fatakensa, dillali na tsakani. Amana ce zalla, amma sai an ga saniyar tsaye, an kuma san wanda za a kama in ciniki ya lalace. Masu faifai dillali suke kawowa babu saniya.

A cikin waɗannan shekarun ne wani abu daga wata duniya ya sauka a ƙasar Hausa, shi kuwa da shaidarsa. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana cikin gonarsa a Zagami, ƙasar Faskari ta lardin Katsina, ya ji ƙara kamar tsawa, iska ta buge shi, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake, ya nutse a rami kamar ƙafa 2. Aka tono dutse mai nauyin kilo 18, aka kai shi hukumar binciken ma'adinai a Kaduna. An yanka shi, an raba wa ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashe, kowa ya auna da kansa. A 1995 aka samu iska maƙale a cikinsa wadda ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auna a duniyar Mas a 1976. Shekara guda bayan gano iskar aka liƙa ɗan ɓarɓashinsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor, aka harba shi can inda ya fito. Masu tara irin waɗannan duwatsu a Turai da Amurka har yau giram-giram suke sayen Zagami.