Pelourinho: yadda dandalin bulala a Barazil ya zama wurin yawon buɗe ido

Baƙon da ya sauka Salvador, babban birnin jihar Bahia a gaɓar tekun Barazil, yawanci tsohuwar unguwar Pelourinho ake fara kai shi, ya ga benaye masu fenti shuɗi da rawaya da ruwan hoda, da tituna masu daɓen dutse. Unguwar ta samo sunanta ne daga ginshiƙin da ake ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a. Cikin bayin da suka ɗauki kayan wannan birni a ka akwai Hausawa da dama, don haka tarihin wurin ya shafe mu.

Turawan Fotugal ne suka kafa Salvador a 1549 ƙarƙashin Tomé de Sousa, ta kuma zama fadar mulkinsu a Barazil har 1763, lokacin da aka koma Rio de Janeiro. Birni ne mai hawa biyu: gwamna da limaman coci da attajirai a kan tudu, tashar jiragen ruwa da rumbuna a ƙasa. Kafin a gina na'urar hawa ta Lacerda a 1873, wadda yau masu yawon buɗe ido ke bin layi don su hau tsayinta na mita 72, bayi ne ke hawa da sauka da kaya, har da iyayengijinsu a cikin kujerun ɗauka. Arzikin kuwa daga gonakin rake da taba ya fito. Da shi aka lulluɓe cikin cocin São Francisco da ruwan zinariya, yayin da baƙaƙen fata suka shafe shekaru masu yawa na ƙarni na 18 suna gina tasu cocin, Rosário dos Pretos, da ɗan abin da suka tara.

Tabar nan ita ce ta haɗa Bahia da mu. Ana shafa mata ruwan rake, fatake a Wida da Badagiri da Ikko suna son ta ƙwarai, suna ba da mutane a madadinta. Da jihadi ya tashi a 1804, ƙasar Hausa ta yamutse. Yaƙe-yaƙen da suka fitar da Sarkin Daura Abdu daga birninsa har ya zo ya zauna a Yekuwa, su ne suka cika hanyoyin kudu da kamammu daga kowane ɓangare. Ana bi da su ta ƙasar Yarabawa zuwa bakin teku, daga nan sai jirgin Bahia. Wasu manoma ne, wasu mayaƙa, wasu kuma almajirai da malamai masu karatu da rubutu, abin da yawancin waɗanda suka saye su ba su iya ba.

Ba su zauna lafiya da bauta ba. A watan Mayun 1807 hukuma ta bankaɗo shirin Hausawa na ƙwace jiragen ruwa su koma gida. Aka sake yin bore a 1809. A Fabrairun 1814 suka ƙona sansanonin kamun kifi a Itapuã, takardun shari'a kuma sun ambaci jagoransu da laƙabin malami. Babban tashin shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi. A wannan karon Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa, su suka ja gaba, amma akwai Hausawa, cikinsu har da Dandara, 'yantaccen bawa mai sayar da taba wanda ke koyar da karatu a shagonsa. Mutum wajen 600 suka fito sanye da fararen riguna da layu. Faɗa ya fara a gangaren Ladeira da Praça, ya ƙare a gaban barikin mahaya dawaki na Água de Meninos. Fiye da 70 suka mutu. Ranar 14 ga Mayu aka harbe huɗu a filin Campo da Pólvora, aka yi wa wasu bulala ɗari-ɗari, aka kori 'yantattu da yawa zuwa Afirka. Zuriyar masu komowa irin waɗannan su ne Aguda na Ikko da Tabom na Accra, kuma wanda ya ga babban masallacin Porto-Novo zai ga ginin Bahia ne sak.

Bayan wannan bore, takarda mai rubutun Larabci kaɗai ta isa ta jefa mutum kurkuku. Duk da haka Hausawa ba su ƙare nan take ba. Jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da wasunsu yana tambayarsu garuruwa da hanyoyin ƙasarsu, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851. Barazil ta hana shigo da bayi a 1850, ta soke bauta a 1888, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka. Da aka daina kawo sababbi, tsofaffin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, harshen ya bi su.

Ita ma unguwar ta lalace. Daga ƙarshen ƙarni na 19 masu kuɗi suka kwashe zuwa sababbin unguwanni irin Vitória da Graça, aka yanyanka benayensu ƙananan ɗakunan haya, talakawa, akasarinsu jikokin bayi, suka cika su. Marubuci Jorge Amado ya yi zama a ɗaya daga cikinsu yana saurayi. A nan aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Olodum a 1979. Sai UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, gwamnan jihar Antônio Carlos Magalhães kuma ya ƙaddamar da gagarumin gyara a 1992. Aka gyara ɗaruruwan gidaje, aka mai da su shaguna da gidajen abinci. Da Michael Jackson ya ɗauki bidiyon waƙa tare da Olodum a dandalin a 1996, duniya duka ta ga wurin.

Gyaran ya ceci gine-ginen, wannan gaskiya ne. Amma an ba mafi yawan mazauna diyya 'yar kaɗan aka sallame su, kuma a ganina wannan zalunci ne: al'adar da ake tallata wa baƙi tasu ce, kiɗan nasu ne, girkin nasu ne, sai ga shi su aka fara fitarwa.

Sawun Hausawa ba ya cikin manyan gine-gine, don ba a bar su sun gina masallaci ba. Yana cikin tukunya. Matan Bahia masu fararen tufafi suna soya acarajé da manja, wanda ƙosai ne da aka tsaga aka cusa masa yaji da jatan lande. Akwai kuma arroz de hauçá, wato shinkafar Hausa, da ake ci da busasshen nama soyayye da albasa. Layu da takardun da 'yan sanda suka ƙwace a 1835 suna ajiye a ma'adanar takardun jihar, daga can ne masanin tarihi João José Reis ya tsamo yawancin abin da aka sani, ya fitar da littafinsa kan boren a 1986. Bahaushen da Allah ya kai shi Salvador, in ya gama da cocin zinariya da kasuwar Mercado Modelo, ya kamata ya ce wa ɗan rakiyarsa ya gangara da shi Ladeira da Praça, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, sannan su wuce Campo da Pólvora, inda yanzu akwai babbar kotu da tashar jirgin ƙasa na cikin gari.