Yara da Waƙoƙin Kirsimeti a Unguwar Bolori

Yau za mu waiwayi tarihin wata al'ada tamu, wato fita da yara gida-gida suna raira waƙoƙin Kirsimeti.

Tushen abin yana cikin Luka sura 2. Makiyaya ne suka ji yabon mala'iku da dare, kuma ba su bar labarin a daji ba, sai da suka shiga gari suka faɗa wa mutane. Daga baya masu bi a ƙasashen Turai suka riƙa bin gidaje da waƙa a lokacin sanyi. Waƙar nan da Turawa ke kira Silent Night, an fara raira ta a shekara ta 1818 a Oberndorf, ƙasar Austriya.

A wajenmu kuwa, ran 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida. Daga nan aikin da ya haifi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ya bazu cikin ƙasar Bura da Margi. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, aka kuma buɗe jami'a a 1975, iyayenmu da yawa suka zo neman aiki. Bura da Margi da Kibaku da Kamwe da Glavda suka haɗu a majami'a ɗaya, Hausa ta zama harshen sujadarsu.

Mu da muka yi ƙuruciya a Bolori ba za mu manta ba. Bayan tuwon dare, malamar makarantar Lahadi takan jera mu biyu-biyu cikin sanyin hunturu, manyan yara suna riƙe da fitila, wata uwa daga Zumuntar Mata tana buga tulu. A kowace ƙofa mukan yi waƙa ɗaya da Hausa, ɗaya da yaren mai gida. Sau da yawa mun ga tsohuwa tana share hawaye don ta ji yaren ƙauyensu a bakin jikoki. 'Ya'yan maƙwabtanmu Musulmi sukan biyo mu har kan layi. Ranar Kirsimeti mu kai musu shinkafa da cincin, kamar yadda sukan aiko mana da naman layya.

Sai kwanakin wahala suka zo. Ran 18 ga Fabrairu 2006 aka ƙone majami'u da yawa a Maiduguri. A watan Yuli 2009 aka hallaka majami'un EYN na Wulari da Jajeri. Daren jajibirin Kirsimeti na 2010 aka kai hari majami'ar Victory Baptist, aka kashe Rabaran Bulus Marwa tare da mawaƙa biyu. Dokar hana fita ta hana yawon dare, a watan Mayu 2013 kuma aka sa dokar ta-ɓaci a Jihar Borno. Waƙa ta koma cikin majami'a, da rana, ana binciken kowa a bakin ƙofa. Ba mu ga laifin iyayen da suka riƙe 'ya'yansu a gida ba.

Amma ga abin da ke damunmu. Akwai yaran da suka girma ba su taɓa yin waƙa a ƙofar maƙwabci ba, waɗansu kuma ba su san waƙa ko ɗaya da yaren iyayensu ba. Idan tsofaffinmu suka wuce, wa zai koya musu?

Saboda haka muna ba da shawara. A fita da yara kaɗan-kaɗan, kafin faɗuwar rana, dattijo yana gaba, uwa tana baya. A fara gaya wa bulama da shugabannin ekklesiya, in sun ce a dakata, a dakata. A soma da gidajen gwauraye, da marasa lafiya, da 'yan'uwanmu da suka gudo daga Gwoza da Chibok a 2014. Ku iyaye, ku zauna da 'ya'yanku a wannan mako, ku koya musu waƙa ɗaya da yarenku.

Ubangiji ya kiyaye fitarsu da shigarsu, ya ba Maiduguri salama. Amin.